Idan Gavi ta yaye Najeriya a 2028, wa zai biya kuɗin allurar yaranmu?

Abban Walida:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu da masu bibiyar kasafin kuɗi. Yarjejeniyar da ke tsakanin Najeriya da ƙungiyar Gavi, wadda ke tallafa mana wajen sayen alluran riga-kafin yara, wa'adinta 2028 ne. Ga Amurka ta rufe hukumar agajinta ta USAID a 2025, kuma a taron tara wa Gavi kuɗi da aka yi a Brussels cikin watan Yunin 2025, sakataren lafiyarta ya ce sun dakatar da ba da nasu kason. Ingila ma ta sanar da rage kuɗin agajinta. Ni dai a nawa ganin, ranar da suka ɗauke hannu ɗaya cikin biyu za a yi: ko a ce iyaye su biya, ko a riƙa zuwa asibiti ana cewa "babu, ku dawo wani satin". Wanda ya hango hanya ta uku ya nuna min.

Maman Khairat:
Wa alaikumus salam. Tsaya tukuna Abban Walida, wai dama ba gwamnatinmu ce take sayen alluran nan ba? Ni 'ya'yana duk an yi musu, tun daga ta dantse har ta ƙyanda, ban taɓa ba da ko kwabo ba in ban da kuɗin ɗan sahu. Na ɗauka daga kasafi ake fitarwa kamar albashi.

Dakta Mu'azzam:
Hajiya, kin yi daidai ta wani ɓangaren. Alluran kashi biyu ne. Akwai tsofaffi, irin su BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna na yau da kullum. Waɗannan gwamnatin tarayya ce ke saye, ko da yake an sha cike giɓi da bashin Bankin Duniya. Sai sababbi masu tsada, waɗanda Gavi ke biyan wani kaso mu biya wani: Penta mai kariya daga cuta biyar da aka shigo da ita a 2012, ta ciwon huhu a 2014, ta gudawar rota a 2022, sai ta kansar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023. Tsarin Gavi shi ne ƙasa mafi talauci tana biyan senti 20 kan kowace allura. Arziƙinta na ƙaruwa, kasonta na hawa, har ta kai tana biyan duka. UNICEF ce ke yo mana sayayyar ta ofishinta da ke Denmark, kuma da dala. A nan gizo ke saƙar.

Sagir Akanta:
Bari in ɗora a kan maganar likita, don mutane su san yadda aka yi muka shiga layin yaye. A 2014 aka sake lissafin girman tattalin arziƙin Najeriya, ya tashi wajen dala biliyan 510, muka wayi gari mun wuce Afirka ta Kudu. Aka yi ta murna a Abuja. To ita Gavi ma'auninta shi ne abin da zai zo wa kowane ɗan ƙasa in an raba abin da ƙasar ke samu a shekara. A takarda sai muka haye layin masu buƙatar tallafi, aka sa mana 2021 a matsayin shekarar sallama. Talakan Rimin Kebe bai ga ƙarin naira ɗaya a aljihunsa ba, amma lissafi ya ce shi mai matsakaicin hali ne.

Da aka duba yawan yaran da allura ba ta kai gare su ba, a 2018 Gavi ta yi mana abin da ba ta saba yi ba, ta ƙara wa'adi zuwa 2028. Ita za ta sa kimanin dala biliyan 1, mu mu sa kusan biliyan 2 a cikin shekara goman. A lokacin dala na wajen naira 305 a farashin hukuma. Bayan an saki naira a Yunin 2023, a 2024 ta haura 1,500. Alkawari da dala aka yi shi, haraji kuwa da naira muke tarawa. Ko ba a ƙara kwalba ɗaya ba, kuɗin ya ninka wajen sau biyar.

Ɗan Fagge:
Ni fa ban ga abin tashin hankali ba. Su tafi mana, zanen aro ba ya rufe katara. Mutanen da suka zo garin nan a 1996 lokacin annobar sanƙarau suka yi gwaji a kan yaranmu 200, 11 suka rasu, su ne za mu zauna muna kuka don sun ɗauke hannu? Duk abin da Bature ya ba ka kyauta ka bincika.

Dakta Mu'azzam:
Ɗan Fagge, abin da ka faɗa ya faru, ba wanda zai musa. Kamfanin Pfizer ne, kuma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Amma a raba abu biyu. Trovan maganin kashe ƙwayar cuta ne da aka gwada a kan yaran da sanƙarau ya riga ya kama, ba riga-kafi ba ne, kuma a lokacin ba a ma kafa Gavi ba, sai a 2000. Mafi yawan alluran da ake yi wa yaranmu yanzu daga kamfanonin Indiya da Indonesiya da Koriya ta Kudu suke fitowa. Kuma ka lura, ko da bin maganarka za a yi, ai tambayar Abban Walida tana nan: sun tafi, to wa zai biya?

Baba Alasan Yakasai:
Ɗana na Fagge, ni na ga zamanin da ake yi mana lamba saboda agana, tabon yana dantsena har yau. Na ga bazarar da ƙyanda ke shiga lungu ta ɗauke yara biyu uku a gida ɗaya, a yi jana'iza da safe a yi da la'asar. Ku ba ku gani ba, shi ya sa maganar ke muku sauƙi a baki. Irin wannan zancen naka muka yi a 2003, aka dakatar da ɗigon shan inna a jihar nan, ba a dawo ba sai Yulin 2004 da aka kawo na Indonesiya. A sanadin haka cutar ta bi ta kama ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita. Shekara goma aka yi ana wahala kafin a ga yaro na ƙarshe da nau'inta na asali ya kama a Kano, a Sumaila, Yulin 2014. A tsakani, cikin Fabrairun 2013, an harbe masu aikin ɗigon su tara a cikin birnin nan, kusan dukansu mata. Allah ya jiƙansu. Ba Turawa ba ne, 'ya'yanmu ne.

Auwalu Tela:
Amin Baba. Ni ƙafata ta hagu shan inna ce ta shanye ta tun ina ɗan shekara uku, da dama kaɗai nake taka keken ɗinki. Wanda zai ce su tafi ya fara gaya mana abin da ya tanada.

Ɗan Fagge:
Allah ya ba ku haƙuri Baba, kai ma Malam Auwalu. Ni ban ce a daina allura ba, nawa yaran ma duk da katinsu. Cewa na yi ƙasa mai man fetur bai kamata tana jiran wani ya sayi allurar jariranta ba.

Sista Rabi:
Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a bayan gari. Ku yi haƙuri, tun ɗazu duk maganar kuɗin kwalba kuke yi, ni kuwa ba ita ce ta fi ba ni tsoro ba. Allura sanyi take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, tun daga jirgi har cinyar jariri. Kowace kwalba akwai ɗan tambari a jikinta, murabba'i a cikin da'ira. In zafi na taɓa ta, murabba'in sai ya riƙa duhu, ranar da launinsa ya zo daidai da na da'irar to ta tashi aiki. Penta kuma in ta daskare ita ma ta lalace, don haka ƙanƙarar ma sai an bari ta fara narkewa kafin a jera ta a akwati.

Firjinmu mai sola ne, kuma tallafi ne ya kawo shi. Ranar da ya tsaya, kwashe alluran muka yi a akwatin sanyi, na tare ɗan sahu da kuɗin aljihuna muka kai su asibitin mazaɓar da ke kusa da mu, har aka samu mai gyara. Fita cikin unguwanni da rugage kuma akwai kuɗin mai, akwai na mai shela, akwai ɗan ihsanin matan sa-kai da ke bi gida-gida suna tuna wa iyaye. Da yawa daga cikin irin waɗannan ƙananan kuɗaɗen a jikin aikin shan inna suka rataya, wato kuɗin waje. Su za su fara bushewa, kuma ba jaridar da za ta buga.

Ga wani abu da iyaye ba su sani ba. Kwalbar BCG ɗaya ta jarirai 20 ce, da an haɗa ta da ruwanta kuma awa 6 ne iyakarta, abin da ya rage sai zubarwa. Ta ƙyanda ma awa 6 ne iyakarta. An koya mana cewa kada a mayar da yaro gida don tsoron asara. Amma in kin duba firji kin ga 'yan kwalabe ne suka rage miki, kuma ba ki san ranar da mota za ta kawo wasu ba, wallahi hannunki rawa yake yi kafin ki fasa kwalba saboda jariri biyu. Sai ki ce su dawo Talata. Wadda ta zo daga nesa da goyo a cikin rana, da yawa ba sa dawowa. Ba sai allura ta ƙare ƙaf ake rasa yara ba, tsoron ƙarewarta ma ya isa.

Maman Khairat:
Allah sarki Sista! Ashe dalili ke nan. Ni da aka ce min in dawo da autana wata rana, na yi ta mita a hanya ina cewa wulaƙanci ne irin na malaman asibiti. Allah ya saka muku da alheri.

Abban Walida:
Kun gani ko? Abin da Sista ta faɗa shi ne zaɓina na biyu, kuma tun Gavi na nan ke nan.

Malam Tijjani Mai Ritaya:
Abban Walida, kada ka yi saurin yanke hukunci. Kano ta taɓa gwada irin wannan yayen a ƙaramin mataki, kuma ina cikin aiki a lokacin. A ƙarshen 2012 jihar ta sa hannu a wata yarjejeniya da gidauniyar Dangote da ta Bill Gates a kan allurar yau da kullum. Asusu ɗaya aka buɗe kowa ya zuba kasonsa, aka tsara cewa na jiha zai riƙa hawa duk shekara, na gidauniyoyin na sauka. A ƙarƙashin wannan tsarin aka fara kai allura kai tsaye daga ɗakin sanyi zuwa asibitoci, maimakon ma'aikaci ya tafi sakatariya ya ɗauko da kuɗinsa. Aka sa masu unguwanni rubuta jariran da aka haifa, wanzamai da unguwarzoma na kai musu labari, don ba gidan da za a yi suna wanzami bai sani ba. Daga baya Bauchi da Borno da Yobe da Kaduna da Sakkwato suka bi sahu.

Amma in gaya muku abin da ni na ga ya riƙe tsarin. Lokaci-lokaci Alhaji Aliko da Bill Gates da kansu suna zama da gwamna ta bidiyo, a karanto wa kowa abin da ya biya da abin da bai biya ba. Ba gwamnan da ke son a ce a gaban Aliko ga sarki a zaune, ranka ya daɗe, kasonka bai shigo ba. Mako biyu kafin zaman za ka ga fayil ɗin da ya yi wata uku a kan tebur ya tashi da kansa. Kunya ce ke sakin kuɗin. Kuɗi kam akwai a ƙasar nan. Abin da nake tambaya shi ne, in baƙi sun tafi, kunyar wa za a ji?

Jar Hula Na Gwale:
Malam Tijjani ka faɗa mana zamanin wa aka yi mana, kada ka ɓoye. Madugu Kwankwaso ne ya sa hannu!

Bashir Dawanau:
To ai asusun KHETFUND na tallafa wa lafiya a 2017 aka yi dokarsa, zamanin Ganduje. Kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar jiha da kashi 1 na kason ƙananan hukumomi 44. Ku ma ku riƙa faɗa.

Mai Kula Da Zaure:
Don Allah Jar Hula da Bashir, a kai wannan wani zauren. Ƙyanda ba ta duba hula. A ci gaba da maganar da aka faro.

Sagir Akanta:
Maganar Bashir ma ta kawo mu inda nake son zuwa. Doka daban, kasafi daban, sakin kuɗi daban. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya a matakin farko. Sai a 2018 kuɗin ya fara shiga kasafi. A 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja, a gidanmu, suka yi alkawarin kashi 15 na kasafi ga lafiya. Namu na tarayya shekara da shekaru yana yawo ne a wajen kashi 5.

Kuma ita allura ba shinkafa ba ce da za ka shiga Singa ka ɗauko yau. Sai an yi oda watanni kafin lokaci, a biya UNICEF tukuna kamfani ya sa ka a layi. In kuɗin da aka rubuta a Janairu bai fito ba sai Nuwamba, a takarda an biya, a firjin Sista kuwa an yi wata da watanni ana ƙirga kwalba. Ni da za a bi tawa, kuɗin allura a mayar da shi cikin waɗanda ake cirewa tun daga tushe kafin a raba komai, yadda ake yi wa majalisa da ɓangaren shari'a.

Ummu Hanifa:
Amma ai da Amurka ta janye, majalisa ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 don cike giɓi. Ke nan in wuya ta yi wuya ana iya motsawa. A riƙa yi musu adalci.

Sagir Akanta:
Haka ne Hajiya, an ƙara. Amma wannan kuɗin ba na allura kaɗai ba ne, akwai maganin cuta mai karya garkuwar jiki da na tarin fuka da na zazzaɓin cizon sauro, duk Amurka ke ɗaukar kaso mai yawa a cikinsu. Kuma na shekara ɗaya ne. Jarirai kuwa sama da miliyan 7 ake haifa a ƙasar nan duk shekara, ba sa jiran a zauna a majalisa.

Ɗan Fagge:
To mu riƙa yin tamu mana. Sai dala, sai dala. Me ya hana?

Hauwa Famasi:
Mun taɓa yi fa. Akwai ɗakin haɗa allura na gwamnatin tarayya a Yaba ta Legas da ya yi shekaru yana yin ta agana da ta cizon mahaukacin kare da ta shawara. A 1991 aka rufe shi wai za a gyara, shiru ke nan. An kafa kamfanin Biovaccines tsakanin gwamnati da May & Baker, aka sake farfaɗo da maganar a 2017. Abu ɗaya mai kyau da ya faru shi ne a 2022 hukumar NAFDAC ta kai mataki na uku a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Senegal na yin ta shawara a cibiyar Pasteur ta Dakar tun da daɗewa. Duk da haka abin da Afirka ke yi da kanta bai wuce wajen kashi 1 cikin 100 na allurar da take amfani da ita ba. Tarayyar Afirka ta sa burin kashi 60 nan da 2040, ita Gavi ɗin ma a Yunin 2024 ta ƙaddamar da asusun da zai kai dala biliyan 1.2 don ƙarfafa masu kamfani a nahiyar.

Amma Yaya na Fagge, kada ka ɗauka ta gida za ta fi araha da farko. Kamfanin Serum na Indiya yana sayarwa da sauƙi ne don yana yin ɗaruruwan miliyoyi. Sabon kamfani da janareta da kayan haɗi na waje ba zai kamo shi a farashi ba. Kuma ko a Sharaɗa aka gina shi, sai gwamnati ta saya ta biya a kan lokaci. Mun dawo wurin Malam Sagir.

Bashir Dawanau:
Abin dariya, cibiyar Vom ta jihar Filato tun 1924 take, kuma har yau tana yin allurar shanu da kaji. Shanu sun fi mu gata.

Ustaz Nura:
Jama'a, me ya sa kullum sai gwamnati ko Bature? Garin nan akwai attajirai a Kwari da Singa da Dawanau da Wambai. Zakka dai an ƙayyade masu cin ta, kashi takwas ne a aya ta 60 ta Suratut Tauba, ba zan ce a juya ta yadda aka ga dama ba. Amma waƙafi fa? Ƙofarsa a buɗe take, kuma muna da Hukumar Zakka da Hubusi. Mutum ya tsayar da shago biyu, kuɗin hayarsu ya riƙa gyara firji da sayen man fita a asibitin mazaɓarsa. Mazaɓa 484 ce a jihar nan. Masallatai muna ta ginawa wani a jikin wani.

Dakta Mu'azzam:
Ustaz, akwai ƙasar da ta yi makamancin haka. Bhutan ta kafa asusun amana na lafiya tun 1998, ana juya kuɗin, ribar na sayen allura da muhimman magunguna, kuma tana cikin waɗanda Gavi ta yaye. Sai dai mutanenta duka ba su kai miliyan ɗaya ba. A wurinmu waƙafi ba zai sayi Penta ba, amma ƙananan kuɗaɗen nan da Sista Rabi ta lissafa zai iya, kuma su ne ba su da uba.

Hauwa Famasi:
Akwai kuma harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon kwalba da aka sa a dokar kuɗi ta 2021. Da sunan lafiya aka kawo shi, amma ba a killace shi ga lafiya ba, cikin babban asusu yake faɗawa.

Jar Hula Na Gwale:
In dai ba za a taɓa zoɓo da kunun aya ba, a ƙara.

Anti Zulai Kurna:
Ni ban iya lissafin nan naku ba, amma ina da abin faɗa. Lokacin mashaƙo, daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. A layinmu wata yarinya 'yar shekara bakwai ta fara da ciwon maƙogwaro, aka yi ta ba ta jiƙo ana cewa hangum ne, wuya ya kumbura, numfashi na fita da ƙara. Kafin a kai ta inda ake killace su lokaci ya ƙure. Ba a taɓa yi mata allura ko ɗaya ba, kuma Penta ɗin nan da likita ya ambata tana kare wannan cutar, kyauta, asibiti ba nisa. Uban ne ya hana. Bayan rasuwar da kansa ya kwashi ƙannenta ya kai. To ku da kuke maganar 2028, ku sani akwai gidajen da tun yanzu allurar ba ta shiga.

Dakta Mu'azzam:
Allah ya jiƙanta Anti. Irinta ne ake cewa yaran da ba a taɓa yi wa ko ɗaya ba, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawansu, sama da miliyan 2. Shi ya sa zaɓin farko na Abban Walida, wato iyaye su biya, nake ganin ba gwamnatin da ke da hankali za ta yi shi. Abin da ake bayarwa kyauta ana roƙo ba a karɓa ba, ina ga an sa masa kuɗi? Zuwa shida ne fa: ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, wata 15. Kuma ƙyanda sai an yi wa wajen kashi 95 cikin 100 na yara kafin ta daina yawo a gari. In talaka ya kasa biya, ɗan mai kuɗin da bai kai wata 9 ba shi ma yana cikin haɗari.

Ummu Hanifa:
Amma likita a asibitin kuɗi ai ana karɓa. Ni na biya.

Sista Rabi:
Kuɗin aiki suke karɓa Hajiya, allurar da yawansu daga ɗakin sanyin gwamnati suke ɗauko ta kyauta. A na gwamnati kuwa duk wanda ya ce ki biya kuɗin allura ko na kati, ki kai ƙararsa wurin mai kula da asibitin ko kwamitin mazaɓa.

Abban Walida:
To na janye rabin maganata ta farko, ba za a ce a biya a fili ba. Amma akwai biya na ɓoye. Ranar da aka ce babu sirinji ki sayo a kemis, ko an daina fita unguwanni sai dai ki hau ɗan sahu zuwa cikin gari, ai an biya. Akwai ƙasar da aka yaye ta tsaya da ƙafarta a Afirka?

Sagir Akanta:
Angola an yaye ta daga 2018, mai arziƙin mai kamar mu, kuma har yanzu tana cikin ƙasashen da suka fi yawan yaran da ba a yi wa allura ba. Kongo Brazzaville an yaye ta, farashin mai ya faɗi, ta sake komawa layin tallafi a 2019. Waɗanda abin ya fi yi wa kyau irin su Sri Lanka ne, waɗanda dama asibitocinsu na matakin farko na aiki tun kafin tallafi. Mu kuma kada mu manta, a 2014 binciken Gavi ya gano dala miliyan 2.2 na tallafinta da ba a kashe bisa ƙa'ida ba a ƙasar nan, aka ce mu mayar.

Ɗan Fagge:
Ke nan mu ma za mu iya komawa layi mu ce naira ta faɗi. Kuma ai Farfesa Pate, wanda ya zama ministan lafiya a 2023, su ne suka zaɓe shi ya shugabanci Gavi ɗin a 2023 ya ajiye ya dawo gida. Ya san ƙofofin.

Sagir Akanta:
Ɗazu kai ne mai su tafi, yanzu kuma mu koma layi? Layin ma ya gajarce. Dala biliyan 11.9 Gavi ta nema don 2026 zuwa 2030, abin da aka yi mata alkawari a Brussels ya ɗan haura biliyan 9 ne. Ko an ƙara mana wa'adi, daga tukunyar da ta ragu za a ɗiba, ga Nijar da Chadi da Sudan a gabanmu.

Malam Tijjani Mai Ritaya:
Akwai ɓangaren da ba wanda ya taɓo. Tarayya ke sayen allura, amma asibitin Sista da albashinta da man babur na jiha ne da ƙananan hukumomi. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. In hakan ya tabbata, to shugabanni 44 ne kowa zai yanke ko gyaran firji ya fi masa ko kwalbati mai ɗauke da sunansa. Malam Sagir, a ina mutum zai ga abin da aka saki a zahiri, ba abin da aka rubuta ba?

Sagir Akanta:
Na jiha akwai rahoton aiwatar da kasafi da ake wallafawa duk bayan wata uku a shafin gwamnati na intanet. Ka nemi layin hukumar kula da lafiya a matakin farko, ka kwatanta abin da aka ware da abin da aka kashe. In na koma gida da daddare zan ɗauko hoton shafin in sa a nan. Na ƙananan hukumomi kuwa sai dai ka taka da ƙafarka zuwa sakatariya ka tambayi ma'aji, in ya ga dama.

Ustaz Nura:
Ka sa mana Malam Sagir. Ni ma ina son in ga layin gyaran kayan sanyi, in akwai shi, kafin in kai maganar waƙafin nan wurin 'yan kwamitin masallacinmu.